Laftof Ɗin Baba

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaban", ga shi nan, ku sarara min haka. Wanda yau ya fara leƙowa ma ya samu wuri ya zauna, zai gane inda aka dosa.

*

Baba ya sa bayan hannunsa na hagu ya ture ƙwayoyin maganin har bakin tebur. Hannun kaɗai ke masa aiki tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi.

"Ba zan sha ba."

"Haba Baba."

"Sai na ga fuskar Auta da idona."

Yaya ta tare ƙwayoyin kafin su zube ƙasa, ta mayar da su cikin murfin kwalba. Ita ce babbar 'yarsa, nas ce, tana gidan mijinta a can wani gefen gari. Duk gidan Yaya suke ce mata, har shi Baban da ya haife ta. A wurin aiki in majinyaci ya yi mata taurin kai, kallo ɗaya take masa ya buɗe baki. Wannan kallon dai ba ya cin Baba, don a wurinsa ta gaje shi. Tana shigowa ta auna jininsa, ta ga abin da ta gani, ta naɗe abin awon ba ta ce wa kowa komai ba.

Auta ƙaninta ne, wanda aka tura ƙasar waje karatun likita. Duk ƙarshen mako yakan kira Baba ta bidiyo a laftof, don idon Baba ya yi rauni, fuskar mutum a allon waya ba ta fi masa inuwa ba. Sai laftof ɗin ya fara nauyi, Mama ta kai shi gyara aka yi masa fomat, wato aka goge komai aka sake zuba masa sabon tsari. Ya dawo yana gudu kamar yau aka saya, amma ya daina kama waifai. Tun daga nan sai dai saƙon murya, Mama ta kara masa waya a kunne.

"Saƙon murya ai ko mutum ya mutu ana kunna shi," in ji Baba. "In wani abu ya samu yaron nan ku faɗa min."

"Kai dai Baban Auta ba ka gajiya da mugun fata," Mama ta ce daga ƙofar kicin.

"To a gyara min abin in gani."

Yaya ta jawo laftof ɗin ta buɗe. A ƙasan allon, inda alamar waifai take zama, babu komai sai wani ɗan da'ira mai alamar hani. Ta danna nan, ta danna can, ta kashe ta kunna, yana nan yadda yake. Ta karɓi lambar mai gyaran a wurin Mama, wadda sai da ta ɗauki lokaci tana neman lambar kamar a rijiya ta faɗa. Yaya ta kira shi.

"Anti ai lafiya lau na ba da shi," in ji mai gyaran.

"Lafiya lau ne ba ya kama intanet?"

"Direban waifai ne bai hau ba. Wani ɗan fayil ne da yake sa kwamfuta ta gane na'urar waifai ɗin da ke cikinta. In an yi fomat yakan tafi."

"To me ya hana ka sa shi?"

"Sai an sauke shi daga intanet."

"A kwamfutar da ba ta da intanet."

"To shi ne ai. Na ce wa Mama ta bar min shi zuwa yamma in ƙarasa, ta ce ba gaggawa, in ba ta haka nan."

Yaya ta ɗaga kai. Mama tana goge wani faranti da tuni ya bushe.

"Yanzu ya za a yi?"

"Kina da data a wayarki? Ki haɗa wayar da laftof ɗin da kebul. Ki shiga saitin, wurin raba intanet, ki kunna na kebul. Zai ari intanet ɗin wayarki har ki sauke direban."

Ta zare kebul ɗin cajar Mama daga bango ta haɗa. Wayar ta fara caji abinta, wurin da ya ce a kunna kuwa ya ƙi dannuwa.

"Ya ƙi."

"Kebul ɗin ne. Akwai waɗanda caji kawai suka iya, irin na bakin titi. Ki nemi wani."

"Babu wani a gidan nan," Mama ta yi saurin cewa. "Ki bari gobe a mayar masa ya yi a nitse. Ko ruwa ba ki sha ba tun da kika zo."

"Goben nan taku ba ta ƙarewa," in ji Baba.

Yaya ta zazzage jakarta a kan kujera: safar hannu, biro, makullan mota, katin aiki, can ƙasa kuma ga ɗan gajeren kebul da ya zo da wayarta. Ta haɗa, ta kunna, ɗan da'irar nan ya ɓace, wata alama ta maye gurbinsa.

"Ya kama."

"Yauwa. Kifa laftof ɗin, akwai 'yar takarda a manne a ƙasansa, ki karanto min lambar samfurin."

Ta kifa ta karanto. Ya faɗa mata shafin kamfanin da za ta shiga, ya faɗa mata wanne za ta zaɓa, don har kala uku ne kuma biyu ba nata ba ne. Ta danna ya fara sauka a hankali. Suka zauna suna kallon ɗan layin yana rarrafe, ita da Baba da ba ya ma ganinsa sosai.

"Mijinki zai neme ki fa," Mama ta ce.

"Ya san inda nake."

"Yara za su taso daga makaranta."

"Zai ɗauko su."

Mama ta koma kicin, ta sake fitowa ba ta ɗauko komai ba.

Da ya gama sauka Yaya ta buɗe shi ya hau, ta kashe laftof ɗin ta sake kunnawa, ta zare kebul. Sai ga alamar waifai ta dawo mazauninta kamar ba ita ta sa gida a gaba ba.

"Ya dawo, Baba."

"Alhamdu lillahi. Kira min shi."

"Bari in haɗa da na gida tukuna."

Ta danna alamar. Sunayen waifai ɗin da ke kusa suka fito. Ga na gidan, ga na maƙwabta mai sunan ɗansu, ga na shagon magani na tsallaken titi da ƙyar yake kamawa. Sai kuma wani a tsakiya.

Yaya ki sayi naki.

Ta karanta, ta sake karantawa.

Wannan suna mutum ɗaya ne a duniya ya sa wa wayarsa shi. Lokacin Auta yana sakandare, ita ce kullum datarta ke ƙarewa, ta dinga bin sa ya kunna mata hotsfot ta ari intanet ɗin wayarsa. Da ya gaji sai ya canza sunan zuwa wannan, don duk sanda ta leƙa ta ga saƙonta. Har mari ta taɓa kai masa a kai, ya goce yana dariya. Ya canza waya bayan nan, amma sunan ya bi shi.

Ta ɗauki wayarta ta fita baranda, mai gyaran yana kan layi har yanzu.

"In tambaye ka. Akwai sunan wayar wani da ya fito. Tsohon suna ne da kwamfutar ta tuna?"

"Bayan fomat? Anti ba abin da ta tuna, ko sunanta ba ta sani ba."

"To me ya kawo shi?"

"Wayar tana kusa, kuma a kunne take yanzu. Hotsfot ba ya nisa, bango ɗaya ko biyu ne ya mutu."

"Ba zai yiwu daga wata ƙasa ba."

Ya yi dariya. "Ko daga ƙarshen layinku ba zai yiwu ba."

"Na gode."

Ta kashe. Abin da ta ji irin wanda take ji ne in an turo mata sakamakon gwaji ta ga ya tabbatar da abin da ba ta so, sai kawai ta fara tunanin abin yi na gaba.

Ta koma falo ta ɗauki laftof ɗin a buɗe a kan hannunta.

"Ina kuma za ki da shi?" in ji Baba.

"Zan duba inda ya fi kamawa ne. Yanzu zan dawo."

A falo sandunan da ke gefen sunan, masu nuna ƙarfin kamawa, rabi ne. Ta nufi ƙofar gida suka ragu. Ta juyo ta bi lungun da ke zuwa kicin suka ƙaru. Ta tsaya a gindin matattakalar bene, inda Baba bai ƙara takawa ba tun da ya kwanta ciwo, ta ɗora ƙafa a kan ta farko.

Mama ta riƙo mata gefen riga.

"Ba komai a sama sai tarkace."

"To bari in ga tarkacen."

"Yaya."

"Mama, sake ni kar in yar da shi."

Ta hau, Mama tana biye da ita tana haki. Kafin ta kai ƙofar ɗakin ƙarshe sandunan sun cika. Ta tura ƙofar ta ji ta a kulle ta ciki.

"Buɗe."

Ta buga ƙofar.

"Ka buɗe, ko in kira sunanka da ƙarfi Baba ya ji."

Sakata ta yi ƙara.

Auta ne. Singileti da gajeren wando, gemu ya rufe masa fuska, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Katifa a ƙasa, faranti da kofi a gefenta, babban akwatinsa a jingine da bango har da takardar filin jirgi a hannun. Nasa laftof ɗin yana buɗe a kan wani kwali, wayar tana kusa da shi.

Yaya ta shiga, ta ajiye na Baba a kan akwatin.

"Sannu da zuwa, Dakta."

"Yaya don Allah."

"A kan rufi jirgin ya sauke ka?"

"Ki yi a hankali," Mama ta ce tana mayar da ƙofa. "Zai ji."

"Tun yaushe?"

Auta ya dubi Mama.

"Ni na tambaye ka, ba ita ba."

"Kafin a kai laftof ɗin gyara."

"Me ya faru?"

"Na faɗi jarrabawa. Suka ba ni dama na maimaita, na sake faɗi. Suka sallame ni. Takardar zama kuma ta ƙare."

"Sai ka dawo ka hau bene."

Auta ya koma ya zauna a kan katifa.

"Baba yana ƙasa ya ƙi shan magani saboda kai. Ka sani?"

"Na sani."

"Kana jin tarinsa?"

"Ina ji."

"Kana ji."

"Komai ina ji, Yaya. Ina jin sanda yake kiran sunana yana tambayar Mama. Sau nawa ina zuwa bakin matattakala in kasa sauka."

Mama ta zauna a bakin katifa. "Likita ya ce kar a tayar masa da hankali. Ke ma kina wurin."

"Ina wurin. Shi ya sa ya kamata a ce an gaya min."

"Da kin sani da tuni kin faɗa masa. Ke ba ki iya tausa magana ba."

"Shi ya sa kika karɓo laftof ɗin ba a gama ba."

"To ya kike so in yi? Wannan ya ce ba zai iya kallon idon ubansa ba ko a allo, wancan ya ce sai ya gan shi. Ni ce a tsakiya. In hau da abinci a ɓoye, in sauko in kunna saƙon murya. Kin san yadda nake barci kuwa?"

Yaya ta tsaya tana kallonsu. Ita ce ta fara cewa likita take son zama, tun Auta bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. Baba ya ce mutum ɗaya zai iya turawa, kuma Auta ne mai kai. Ta yi karatun nas ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma ba ta manta ba. Ta sha ɗauka cewa in irin wannan rana ta zo za ta ji sanyi a ranta. Ta duba ba ta samu ba. Gajiya kawai ta samu, sai tsoron lambar da ta gani a abin awo.

"Ko sunan hotsfot ɗin ba ka canza ba," ta ce.

"Na manta. Waifai ɗin gida ba ya hawowa nan, ni kuma ina neman aiki ne."

"Yaya!" Muryar Baba ta taso daga ƙasa, can ƙasa-ƙasa. "Ya kama ko bai kama ba?"

Yaya ta juyo wajen Auta.

"Jininsa ya hau sosai," Yaya ta ce a hankali. "In bai sha maganin nan yau ba, asibiti za mu kwana. In kuma ka sauka yanzu haka kamar wanda aka tono, ban san me zai faru ba."

"To ya za a yi?" in ji Mama.

"Tashi ka wanke fuska. Ka sa riga mai kyau, ka ɗora rigar sanyi a kai. Ka zauna a jikin bangon can da ba komai. Ka jawo akwatin nan daga bayanka."

"Yaya ba zan iya ba."

"Ba tambayarka nake ba. Zan kira ka, ka ɗauka, ka gaishe shi, ka ce ya sha magani. Kar ka ja magana. In jininsa ya sauka, ni zan kawo likitansa mu zaunar da shi a gaya masa."

"In ya tambaye ni karatu fa?"

"Ka ce ana fama. Wannan ai ba ƙarya ba ce."

Ta ɗauki laftof ɗin ta sauka. Ita da kullum take yi wa dangin majinyata faɗa a kan ɓoye musu gaskiya, yau ga ta tana shirya wurin zama da haske. Ta lura da hakan, ta wuce.

A falo ta ɗaga rawutar gidan, wato na'urar da ke ba su waifai, ta kwafi kalmar sirrin da ke ƙasanta, ta haɗa, ta sauke manhajar kiran, ta shiga da sunan Baba. Ta gyara masa filo a baya, ta ɗora laftof ɗin a kan ɗan tebur dab da fuskarsa, ta ƙure sautin. Mama ta tsaya a bayan kujera ta harɗe hannu.

Ya yi ƙara kaɗan aka ɗauka.

Fuskar Auta ta cika allon, farin bango a bayansa, rigar sanyi har wuya.

Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe yana kallo.

"Auta."

"Na'am Baba. Ina wuni. Ya jiki?"

"Kai ne kuwa."

"Ni ne, Baba."

"Ka rame. Wannan gemun fa?"

"Ba lokaci ne, Baba."

"Karatun ne. Ai na sani." Baba ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi, ido ya kawo ruwa. "Na ce musu in dai kana da rai za ka neme ni. Ana ba ku abinci kuwa?"

"Ana ba mu."

"Sanyi fa?"

"Da sauƙi. Baba, an ce ka ƙi shan magani."

"Su suka faɗa maka? Munafukai."

"Don Allah ka sha. Yanzu, ina kallo."

"To Dakta ya yi magana. Yaya, miƙo."

Ta zuba masa ƙwayoyin a tafin hannu, ta riƙe kofin ruwa kusa da bakinsa. Baba ya ɗaga hannun.

Sai wata babbar mota ta danna hon a ƙofar gida, dogo, har gilashin taga ya amsa.

Hon ɗin bai gama mutuwa ba ya sake fitowa daga cikin laftof ɗin. Shi ɗin dai, tsawonsa ɗaya.

Hannun Baba ya tsaya a hanya.

"Mai jar motar nan!" wani ya ƙwala daga titi. "A zo a gyara fakin, an tare hanya!"

"...a gyara fakin, an tare hanya," in ji laftof ɗin.

A allon, idon Auta ya tafi gefe, wajen tagar da ba a gani, ya dawo.

"Netwok ne," Mama ta ce. "Haka yake yi wani lokaci, yana maimaita..."

"Yi min shiru," in ji Baba.

Baba ya sauke hannunsa a hankali ya juye ƙwayoyin a kan tebur. Bai ƙara kallon allon ba. Ya ɗaga kai sama, wajen silin, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa.

"Auta!"

Suka ji ta ta dawo ta cikin sifikar, ƙarama, kamar daga bayan ƙofa. Muryarsa ce.

A allon, Auta ya sa hannu biyu ya rufe fuska.

Baba ya laluba gefen kujera ya kamo sandarsa. Jijiyar gefen kansa ta tashi, Yaya tana ganinta tana bugawa.

"Baba, ka sha maganin tukuna, sai mu yi magana."

"Ke ma da ke."

"Baba..."

"Ajiye kofin nan ki kama ni," ya ce. "Bene zan hau."